Shukokin ɗaki da aka yi watsi da su: wa ya taɓa farfaɗo da su?

Mai Son Furanni: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maƙwabciyata ta tashi, ta bar mini tukwanen shuka uku, duk sun galabaita, ko sunansu ban sani ba. Ta farko ganyayenta dogaye ne a tsaye, masu ratsi-ratsi. Ta biyu mai yaɗo ce, ganyen ya kusa ƙarewa. Ta uku ce ta fi ba ni tausayi: ganyen mai kauri ne amma ya yamutse, saiwoyin sun leƙo waje, kuma babu ƙasa a tukunyar sai ɓawon itace. Don Allah wanda ya taɓa jinyar irinsu ya taimaka.

Baba Mai Lambu: Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye butar ruwan tukuna. Ta farkon moda ce, tana ajiye ruwa a ganyenta, ƙishi bai cika kashe ta ba, yawan ban ruwa ne ajalinta. Na taɓa samun wata a wani ofis, gindinta ya yi laushi yana wari. Na ciro ta, na yanke ruɓaɓɓen, na bar yankan ya bushe a inuwa, sannan na dasa a ƙasa mai yashi. Ta daɗe ba ta motsa ba, daga baya sai ga sababbin tsiro ta gefe.

Anti Mai Okid: Ƙanwata, ta ukun nan okid ce, kuma da alama irin da ake kira Phalaenopsis. Asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Indonesiya da Filifin, kuma a jikin bishiya take rayuwa, saiwarta na shan iska. Shi ya sa kika ga ɓawo. Kada ki tausaya mata ki zuba ƙasa, shaƙe ta za ki yi.

Yamutsewar ganye tana ruɗin mutane. Ƙishi ne, gaskiya, amma iri biyu ne: ko ba a ba ta ruwa ba, ko saiwar ta ruɓe ta kasa sha. Tawa da na karɓo daga wurin wata 'yar'uwa na biyun ne. Ki ciro ta ki latsa saiwoyin ɗaya bayan ɗaya. Mai rai tana da tauri, ruwan azurfa ce in ta bushe, in kika jiƙa ta sai ta koma kore. Wadda ta yi baƙi ta yi laushi, ko ta zama hololo, ki yanke da almakashin da kika goge da sifirit. Ni 'yan kaɗan suka rage mini, na sa ta a sabon ɓawo cikin ƙaramar tukunya mai huji, kusa da taga inda haske ke shiga amma rana ba ta dukan ganyen. In za ki ba ta ruwa, ki jiƙa ɓawon sosai, ki tsiyaye, kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen, nan ruɓa ke farawa. Tsohon ganyen da wuya ya miƙe sarai, ni dai sabuwar saiwa mai koren baki nake dubawa. Fure kuwa sai ta murmure, kuma ta fi fitar da sandarsa in dare ya ɗan yi sanyi.

Ɗan Tsiro: Anti ta gama magana. Mai yaɗon kuma ina jin pothos ce. Ki kankare karan da farce, in kore ne a ciki tana da rai. Tawa ƙasarta ta bushe har ruwa ke bi ta gefe ya zube, sai na tsoma tukunyar a kwanon ruwa ta sha ta ƙasa. Na kuma yanki kara mai gaɓa na sa a kofin ruwa, ya fitar da saiwa. Sai dai a nisanta ta daga yara da kyanwa, tana ƙona baki in aka tauna.

Maman Biyu: Yaya, ki leƙa bayan ganye kafin ki haɗa su da sauran shukokinki. Nawa sun zo da wani farin ƙwaro mai kama da auduga, na dinga goge shi da sifirit har ya ƙare. Taki kuma ki dakata da shi sai kin ga sabon tsiro, saiwar da ta wahala ƙonewa take yi.