Wa ya taɓa kama haya mai wurin ajiye mota a Aneho (Togo) ko Wida (Benin)?

Dan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda aka rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 2023 harkar motocin da nake ɗaukowa ta koma Lome, to otel ya cinye ni wlh. Ina son in kama ɗaki biyu da falo na wata shida a Aneho, an ce ya fi Lome sauƙi kuma bai kai kilomita 50 ba. Amma dole da wurin da zan sa mota ɗaya ko biyu kafin direbobi su zo. Wanda ya taɓa zama can ya ba ni labari don Allah.

Na Zango:
Wa alaikumus salam. Ni na yi wata huɗu a Aneho, abin da zan gaya maka Alhaji shi ne kar ka yarda da kalmar garaji a bakin dillali sai ka gani da idonka. Nawa garajin ashe fili ne gaban gida ba rufi, kuma gidan, teku na gabansa tafki na bayansa, iskar gishirin nan ba ta san sabuwar mota ba. Mu a Damagaram ƙura muka sani, ka kaɗe ta shike nan, can kuwa da safe za ka tarar gilashi ya yi danƙo, sati uku faifan birki ya yi ja da tsatsa, kan batir ya yi fari fat, har makullin ƙofar gida sai da na riƙa ɗiga masa mai. Da na kawo motar nan gida mai saye ya leƙa ƙasanta ya ce wannan cikin ruwa aka tsamo ta ne? Na rage masa kuɗi ba don ina so ba. Ka nemi ciki-ciki, nesa da bakin ruwa, mai rufi da ƙyaure.

Hajiya ta Sabon Gari:
Ƙanena ni a Wida na zauna lokacin ina saro atamfa a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, kafin a rufe hanya. A Benin dokar 2018 ta ce kosiyon, wato kuɗin ajiya da ake ba mai gida, kar ya wuce kuɗin wata uku, amma mai gidan ya nemi na wata shida sai da yarona ya yi masa maganar dokar da faransanci sannan ya sauko. Togo ka tambaya tasu. Kuma a rubuta cikin takardar haya cewa wurin motar naka ne, ni da baki muka yi, ranar da ɗansa ya zo daga Kwatano da tasa motar tawa ce ta kwana waje.

Na Zango:
Gaskiya ne Hajiya. Na manta ma da yashi, layin namu in ba ka rage iskar taya ba sai yara sun tura ka.

Wani ɗan Garin Malam:
Kawu ka je dubawa bayan an yi ruwa. Damina can biyu ce, babbar daga Afrilu zuwa Yuli, wani gidan da rani tsaf, da ruwa ya sauka tsakar gidan ta zama tabki har rabin taya. Ka duba bango, in akwai layin kore a ƙasa to ruwa na kwana nan. Sannan kontar kuran, wato mitar wutar lantarki, ka tabbata taka ce kai kaɗai mai kati, ni an haɗa mu da mai injin daskarar da kifi, wata biyu ina biya masa ban sani ba.

Dan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya mai gadi fa, cikin kuɗin haya yake ko daban?

Hajiya ta Sabon Gari:
Daban muke haɗa masa mu 'yan haya duk ƙarshen wata. Namu ma Bahaushe ne ɗan Maradi, shi ya nuna mini inda ake sayar da naman yankan Musulmi.