Baƙin mai a kan yankan reshe: magani ne ko cutarwa?

Mai Lambun Mangwaro: Assalamu alaikum jama'a. Da muka gama tsinkar mangwaro a watan Mayu, na kira mai inji ya sare min wani ƙaton reshe da ya kwanto kan kwanon ɗaki. Yana gamawa sai ya ɗebo baƙin mai ya laɓta a wurin, wai idan ba haka ba gara da ruwan damina za su cinye bishiyar. Ƙanena kuma ya ce cutar da ita aka yi. Mahaifinmu ne ya dasa ta, ba na so in rasa ta. Wa ke da gaskiya?

Mai Injin Sara: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai injin ne da gaskiya. Haka muka tarar da iyayen gidanmu suna yi. Gara ba ta son warin mai, ruwa kuma ba ya zama a kansa. Ko ginshiƙin rumfa ai baƙin mai ake shafa wa gindinsa kafin a binne.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji: Ɗana, a nan ɗin ne kuskuren yake. Ginshiƙi mataccen itace ne, mangwaron Alhaji kuwa mai rai ne. Bishiya tana da nata tsarin: idan aka yi mata rauni, sai ta katange wurin daga ciki don kada ruɓa ta ratsa, sannan sabon nama ya riƙa tasowa daga gefe kamar leɓe har ya rufe bakin yankan. Wancan siririn layin da ke ƙarƙashin ɓawo shi ke wannan aiki, kuma shi baƙin mai ke fara ƙonawa. Alex Shigo na hukumar gandun dajin Amurka ya tsattsage dubban bishiyoyi yana duba cikinsu. A 1983 shi da abokin aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin shekara 13 a kan shafe-shafen da ake yi wa raunin bishiya, ba su ga sun hana ruɓewa ba.

Mai Injin Sara: Baba, wannan bishiyoyin Amurka ne. Su suna da irin garar da muke da ita?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji: Tambayarka tana kan hanya. Amma je ka duba gawo da maɗacin da makiyaya ke sassarewa da barandami kowace bazara. Wa ke bin su da mai? Wanda aka sare da kyau ya rufe, wanda aka bar masa dogon kututture shi ne ya yi kogo. Gara busasshen itace take bi, kuma dogon kututture ne ke bushewa ya kira ta.

Malamar Aikin Gona: Ina tare da Baba a kan baƙin mai, amma kada a ce ba a shafa komai sam. Mangwaro yana da ciwon da ke busar da rassa daga sama, ƙaro na tsiyaya a jikinsa. A Indiya, masu lambu suna shafa wa manyan yanka haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa, don kashe ƙwayar cutar. Wannan magani ne da aka yi don shuka, ba dattin injin mota ba. Kuma a wanke zarto da ruwan bilic kafin a koma wata bishiyar.

Mai Lambun Mangwaro: To Malama, yanzu ni da an riga an shafa fa?

Malamar Aikin Gona: Goge abin da ya gogu da tsumma, kada ka sa fetur ko kananzir. Faɗa mana yadda ya yi yankan.

Mai Lambun Mangwaro: Daga sama ya sa inji sau ɗaya. Da reshen ya faɗo sai ya ɗaye ɓawo kusan kamu ɗaya. A kan tsani yake tsaye.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji: Innalillahi. Wannan ya fi man tayar min da hankali. Babban reshe sara uku ake masa. A fara tsaga shi ta ƙasa, ɗan nesa da jiki. A koma sama, gaba kaɗan, a yanke ya faɗi. Sannan a cire guntun daidai bayan kumburin da ke gindin reshe, kada a yanke kumburin, don daga nan rufewar ke farawa. Batun tsani kuwa, ba a riƙe inji a kansa. Idan saman hancin inji ya taɓa itace, yakan yi tsalle ya dawo fuskar mai riƙe da shi kafin ya ƙifta ido. Masu hawa na gaskiya ɗamarar hawa suke sawa, su ɗaure a wuri biyu kafin su tayar da inji, igiyar hawa daban, ta sauke reshe daban, da hular kwano a kai.

Mai Injin Sara: Maganar tsani na karɓa, Baba, na san wanda ya rasa yatsu a haka. Amma ɗamarar nan kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu. Shi kuma mai, sai na gwada da idona: darbejiya biyu gare ni a ƙofar gida, zan shafa wa ɗaya in bar ɗaya.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji: Madalla. Ka yi musu yanka iri ɗaya, rana ɗaya, ka turo mana hoto bayan damina biyu. Alhaji, kai kuma turo hoton wurin da ya ɗaye yanzu, mu ga ko akwai ɓawon da ya kamata a gyara da wuƙa mai kaifi.