Gidajen zamanin Biktoriya: me ya sa suke da sanyi da danshi haka?

Baƙon Gari:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na kama ɗaki a unguwar Whalley Range da ke Manchester. Gidan daga waje sai wanda ya gani: jan bulo, hawa uku, taga mai turo ciki waje, ga gilashi mai launi a saman ƙofar shiga. Amma ciki kamar randa. Jiya na janye akwatina daga jikin bango, sai ga fumfuna baƙi ƙirin, har ta hau babbar rigar da nake ji da ita. Akwai murhu a ɗakin, an toshe shi da katako an bi da fenti. Na roƙi mai gidan ya canza tagar, ya ce wai gidan zamanin Biktoriya ne, hukuma ba za ta yarda ba. Gaskiya ne ko wayo yake min?

Injiniyan Unguwa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Murhun nan da aka toshe, shi ne rabin matsalarka. Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kuma a lokacin da kwal ake ɗumama gida, kusan kowane ɗaki da murhunsa. Wuta na ci, bututun hayaƙi na zuƙe iska mai laima yana fitarwa, sabuwa na shigowa ta gefen taga. Bangon kuma bulo ne cunkus, babu ratar da ake bari a tsakiya kamar ginin da ya yaɗu daga wajen 1920, kuma da kwaɓin farar ƙasa aka ɗaure shi, wadda kan sha ruwa ta sake shi.

Ka taɓa ganin ginin ƙasa da aka yi wa filastar siminti a gida? Damina biyu, sai ka ga ya kumbura yana ɓantarewa, don laimar ta rasa mafita. To haka nan. A hankali aka riƙa barin ƙona kwal a gidaje bayan dokar tsabtace iska ta 1956, aka toshe murahu, wasu suka bi bango da siminti, gida ya kasa numfashi.

Batun taga kuwa bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Sashen unguwar na cikin wuraren da aka keɓe don adana tarihi, sau da yawa sai da izinin ƙaramar hukuma ake taɓa fuskar gida. Amma ba wanda ya hana shi gyara katakon ko ƙara gilashi na biyu daga ciki. Kuɗin ne ba ya son kashewa.

Hajiya Babba:
Yarona, sannu da sanyi. Ita unguwar ma asalinta fadama ce. Wani mai banki, Samuel Brooks, ya sayi filin a 1836, ya janye ruwan, ya yanka wa attajiran da ke gudun hayaƙin masaƙun auduga filaye. Shi ya sa gidajen suke manya: na iyali ɗaya ne da barorinsu, yau an yayyanka su mutum takwas na dafa shinkafa a ciki. In ɗakinka na can ƙarƙashin rufi ne, to makwancin 'yan aiki ka samu, ka yi haƙuri!

Ka raba akwati da bango kamar faɗin tafin hannu, ka buɗe taga minti goma kowace safiya ko ana zuba sanyi, kuma don Allah ka daina shanya wanki a kan hita. In ka je Juma'a cibiyar Musulmi da ke College Road, ɗaga kai ka kalli hasumiyar. Kwalejin horar da limaman Kirista ce da aka buɗe a 1843, sa'ar unguwar ce.

Baƙon Gari:
Hajiya kamar kina leƙena, yanzu haka singileti biyu ne a kan hitar. Kuma eh, ɗakin sama ne, kaina har taɓa silin yake ta gefe ɗaya. Injiniya, in na ɓalle katakon murhun da kaina fa?

Injiniyan Unguwa:
Kul! Tokar shekara da shekaru da sheƙar tsuntsaye za su zubo maka, kuɗin ajiyarka kuma ya tafi. Ɗauki hoton fumfunar, ka rubuta wa mai gidan ya sa ƴar mashigar iska a jikin katakon. In ya yi kunnen uwar shegu, sai ka kai wa ƙaramar hukuma.