Tarakta mai bin layin huɗa da kanta: wa ya taɓa gani?

Baƙon Minesota: Salamu alaikum. A bikin tsofaffin injinan noma na Rollag, nan Amurka, na ga wata ƙatuwar tarakta, Big Four 30, ta wajajen 1910. An ɗaura mata dogon ƙarfe a gaba, da 'yar taya a bakinsa tana gudu cikin ramin da garma ta bari a zuwan farko. Duk inda ramin ya karkata, ƙarfen sai ya ja tayoyin gaba su bi. Da idona na ga direban ya saki sitiyari, ya juya yana duba garma. Sai a ƙarshen gona yake kamawa ya yi kwana. An ce mini Little Bull ta 1914 ma tayarta ta gaba guda ce, cikin ramin take tafiya. Iyayenmu direbobi, akwai wanda ya san irin wannan a gida?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam, ɗana. Ƙarfen ban taɓa gani ba, amma dabarar na sani. Shekara 22 na yi kan Massey Ferguson 165. Sirrin yana ga layin farko. Nakan kafa sanda da farin ƙyalle a can ƙarshe, in zuba mata ido, ko kiran sunana aka yi ba na waiwaye. Daga nan tayar dama ta faɗa rami, ta jingina da bangonsa, yatsa biyu sun isa riƙe sitiyari. Amma fa sai faifan nan na bayan garma ya saitu. In bai saitu ba, yini za ka yi kuna kokawa, kafaɗa ta kwana tana zogi.

Mai Walda: Baba, na gwada haɗa irinsa da bututu da tayar baro a wata tsohuwar Steyr, haɗin Bauchi. A jigawa ya bi lafiya lau. Da muka shiga laka, tayar ta hau wani busasshen hoge ta fice daga ramin, muka nufi gonar maƙwabci. Allah ya taimaka ina kan kujera.

Ɗan Mai Shanu: Bijimin mahaifina na dama haka yake. Da ƙafarsa ta shiga kwari, igiya sakinta ake yi har ƙarshen kunya.

Tsohon Direba: Mai Walda, ƙara wa ƙarfen tsawo da nauyi, ka sake gwadawa bayan ruwan farko. Kuma don Allah kada ka sauka tana tafiya.