Alaimen na ontoloji: daidaitawa ko dangantawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar kwamfuta da harshe. Mako uku ke nan muna ja-in-ja a kan kalma ɗaya: yadda za a kira alaimen na ontoloji da Hausa. Yau zan tattara hujjata wuri guda, wanda ya ga gyara ya gyara.

Ga mafarin zancen. Muna tattara farashin hatsi a nan Gombe, galibi daga kasuwar Tudun Hatsi, sai aka ce mu sadar da bayananmu da wani rumbun bayanai da aka tsara da Turanci. A jerinmu akwai gero, maiwa, dauro, tamba da acha, kowanne da gidansa. Su kuwa gida ɗaya suka ware, suka rubuta masa millet. Aikin nuna wa kwamfuta yadda gidajenmu biyar suke da gidansu ɗaya shi ne Turawa ke kira ontology alignment, shi muke nema wa suna.

Ontoloji tukuna. Wani malaminmu daga Kashere ya kawo "ilimin samuwa". Allah ya gafarta Malam, a fagen falsafa maganarka dutse ce. Amma a wajen masu kwamfuta abin rubutaccen tsari ne: waɗanne abubuwa ke cikin wani fage, wanne ke ƙarƙashin wanne, me ya haɗa wannan da wancan. Masanin kwamfuta Tom Gruber ya bayyana shi a 1993 da cewa fayyataccen bayani ne na yadda aka fahimci wani fage, kuma tun 2004 hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da wani harshen kwamfuta mai suna OWL don rubuta shi. Na ba da shawarar "salsalar ma'ana", akasarinku kun karɓa. Wata 'yar'uwa daga Azare ta ce salsala sama da ƙasa kawai take bi, uba da ɗa, alhali ontoloji na iya cewa da gero ake yin fura. Gaskiya ne, Yaya. Sai dai salsalar gida ma ba haihuwa kaɗai take ɗauka ba, har da auratayya.

To, alaimen. Nan ne rigimar take.

Mafi yawanku "daidaitawa" kuke so, kuma na san inda kuka samo ta. Duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya san alaimen: bakanike ya kwance, ya ɗaure, har tayoyi su miƙe su kalli gaba tare. A can kalmar ta zauna daram. A nan kuwa ɓatar da ɗalibi za ta yi ta hanya biyu, shi ya sa na kafe.

Na farko, bakanike taɓa tayar yake yi. Mai wannan aiki ba ya taɓa ko ɗaya daga salsalolin biyu. Tamu tana nan da gidajenta biyar, tasu tana nan da gidanta ɗaya, abu na uku ake rubutawa a gefe wanda ke faɗin yadda suke da juna. In aka narka su suka zama guda, wannan wani aiki ne dabam, shi ne haɗewa, don haka "haɗawa" da wasu suka kawo ita ma ta faɗi.

Na biyu shi ya fi damuna. Wanda ya ji "daidaitawa" zai ɗauka kullum amsar ita ce wannan daidai yake da wancan, alhali daidaito ɗaya ne kawai daga cikin amsoshin. Gero ba daidai yake da millet ba, yana ƙarƙashinsa ne. Kawu da bappa duka suna ƙarƙashin uncle, amma a tsakaninsu hannun riga ne, ɗaya ta wajen uwa, ɗaya ta wajen uba. Manomi ya san gero na riga maiwa nuna, ba zai taɓa haɗa su a buhu ɗaya ba, amma a salsalar masanin tsirrai jinsinsu ɗaya da dauro, tamba da acha ne bare. Kowa da gaskiyarsa a tsarinsa, aikinmu mu faɗi dangantakar.

Shi ya sa nake cewa "dangantawa". Ku duba yadda ta hau kan salsala. Mutum biyu sun haɗu a wajen ɗaurin aure, dattijo ya bi musu asali har ya ce kakar wannan ƙanwar kakan wancan ce. Bai sauya wa kowa uba ba, ya dai danganta su.

In kun yarda, sauran kalmomin za su biyo da kansu. Aikin shi ne dangantawa, abin da ya fito kundin dangantaka, kowane layi a cikinsa ƙulli. Ƙulli yakan ɗauki abu huɗu: na wannan ɓangare, na wancan, irin dangantakarsu, da gwargwadon tabbaci daga 0 zuwa 1. Tsarin SKOS na 2009, wanda W3C ta fitar don tsara jerin kalmomi da rukunai, ya ware irin dangantaka biyar, na sa musu sak, kusa, ya fi faɗi, ya fi ƙunci, da akwai alaƙa. Wanda OWL ke amfani da shi don cewa rukuni biyu ba sa tarayya a komai, "hannun riga" ya ishe shi.

Ku lura da sak da kusa, don a nan ake yin ɓarna. A SKOS sak yana ƙetarawa: in na farko sak yake da na biyu, na biyu sak da na uku, to na farko sak yake da na uku. Kusa ba ya ƙetarawa, da gangan aka hana shi. Da mun rubuta gero sak da millet, acha ma sak da millet, kwamfuta za ta yanke cewa gero acha ne, ta cakuɗa farashin geron Gombe da na achar Bogoro. Ɗalibin da aka koya wa "daidaitawa" wannan kuskuren zai fara yi, domin kalmar ce ta tura shi.

Malam ya nemi in rubuta ƙulli ɗaya da Hausa zalla a gani ko zai karantu. Ga na farko a kundinmu: gero, millet, gero ya fi ƙunci, tabbaci 1.