Shekara uku da rabi, kilo 13: girmansa daidai ne kuwa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Yarona yana da shekara 3 da wata 6. Makon jiya na auna shi, kilo 13, tsayi santimita 95. Bara kamar yanzu kilo 11.3 ne. Duk sa'anninsa a islamiyya sun fi shi jiki, ga shi ba ya son tuwo sai shayi da biskit. Magana kam yana yi, sai dai wata biyun nan ya fara in'ina. Kakarsa ta ce a sayo maganin ƙara cin abinci. Don Allah masana ku ba ni shawara.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam Maman Biyu. Ki daina gwada shi da 'ya'yan maƙwabta, ki gwada shi da kansa na bara. Daga shekara 2 zuwa 5 yaro yana ƙara kusan kilo 2 ne a shekara, tsayi santimita 6 zuwa 8. Naki ya ƙara 1.7, wato yana tafiya. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin namiji mai wata 42 kusan kilo 15 ne, ana fara damuwa idan ya gaza 12. Tsayi kuma matsakaici kusan 100, iyakar ƙasa kusan 92. Ƙarami ne, amma yana cikin layi. Abin tsoro shi ne layin nauyinsa da ake zanawa a katin asibiti ya kwanta ko ya gangara awo biyu ko uku a jere.

Ki riƙa auna shi duk wata uku a sikeli ɗaya, ba takalmi, da kaya marasa nauyi. Canza sikeli kaɗai na iya nuna bambancin rabin kilo. A asibitin sha-ka-tafi ki ce a auna damtsensa na hagu da tef ɗin nan mai kala uku, a tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu: sama da santimita 12.5 kore ne, 11.5 zuwa 12.5 rawaya, ƙasa da 11.5 ja, tamowa mai tsanani ke nan. Ki kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In rami ya zauna, asibiti a ranar.

Maganin ƙara cin abinci kuwa, a ba kakarsa haƙuri. Yawancinsu barci suke sa yaro, wasu da ake haɗawa a kasuwa har da sinadarin da ke kumbura fuska, a ɗauka ƙiba ce. Abin da ya kamace shi: maganin tsutsar ciki da ɗigon bitamin A duk wata shida, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida kowane wata da damina, a cika kwana ukun. In tafin hannunsa ya yi fari, a duba jininsa, a haɗa da gwajin sikila in ba a taɓa yi ba.

Baban Yara:
Shayin nan shi ne ɓarawon. Yana cika ciki, kuma ganyen shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci. Cikin yaro ƙarami ne, don haka abinci uku da ɗan taɓawa biyu a tsakani: kunun gyaɗa mai kauri, ƙwai ɗaya, alale ko awara, kwaɗon zogale da ƙuli, gwanda. Ki zuba masa a kwanonsa daban, don a tire ɗaya da yayye ba za ki san abin da ya shiga cikinsa ba. Kada a ba shi biskit ko lemon kwalba awa biyu kafin abinci, kuma ban da ɗura.

Malamar Raino:
Hajiya, kan in'ina: tsakanin shekara 2 da 5 ba baƙon abu ba ne, tunani ne ya fi harshe gudu, kuma yawanci tana wucewa. Kada a ƙarasa masa kalma, kada a ce "tsaya ka nutsu", sannan a hana yayyensa kwaikwayonsa. Ku dai ku rage saurin maganarku. In ta wuce wata shida, ko kika ga yana matse fuska yana kokawa da kalmar, ko akwai ta a dangi, a nemi ganin likita.

A shekarunsa ki duba waɗannan: yana haɗa kalma uku ko huɗu, baƙo yana gane mafi yawan zancensa, yana kwaikwayon da'ira in kin zana, yana tsayawa da ƙafa ɗaya ko da daƙiƙa ɗaya ko biyu, yana wasan ƙarya da wasu yara, irin a mai da gwangwani mota. Ki kira sunansa a hankali daga bayansa. In sai kin ɗaga murya, ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa, a gwada jinsa. Fitsarin kwance kafin shekara 5 ba abin duka ba ne. Wanda ba a jira a kansa shi ne yaro ya rasa abin da ya riga ya iya.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Nas, katinsa ya ɓace tun da muka gama rigakafi, za su ba ni sabo?

Anti Nas:
Ki tambaya a inda aka yi masa rigakafin, sunansa na cikin rajista. In babu kati a ƙasa, littafin makaranta ya isa: kwanan wata, kilo, tsayi, damtse. Ki fara da awon bara da na makon jiya.