Amarya ta ce in ɗora hoton, ango ya ce kada ya gani: ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni mai ɗaukar hoto ne a Kano, ina yin biki da suna da walimar sauka, idan Sallah ta zo kuma in bi hawa. Kun san yanzu duk wanda zai ba ka aiki, kafin ya tambayi kuɗi sai ya ce ka turo masa shafinka na Instagram. Nawa shafin kuwa dawakai ne suka cika shi, Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, sai 'yan hotunan marinar Ƙofar Mata. Babu uwar amaryar da za ta ɗauke ka aiki don ka iya ɗaukar doki.

Watan jiya na yi wani biki tun daga kamu har dina. A wajen kamu, bayan an gama ciniki da ƙawayen amarya, gwaggon ango ta ɗaga mayafin, amarya na dariya ga hawaye ya taru a idonta, sai na danna. Tunda na fara sana'ar nan ban samu hoto kamarsa ba. Amarya da kanta ta ce in ɗora. Da ango ya ji, ya kira ni ya ce idan ya ga fuskar matarsa a intanet, ni da cikon kuɗina sai dai a lahira. Shi ya ba da kafin alƙalami, saura kashi ɗaya cikin uku a hannunsa, kuma babu takarda tsakaninmu. Wani abokin sana'a ya ce in lallaɓa in karɓi cikon sannan in ɗora, ai hoto na wanda ya ɗauka ne. Raina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Amsoshi

Wani matashi mai hoto:
Malam, kowa na ɗorawa. Mai fuskar ta yarda, mene ne na ango a ciki? Da haka manyan da kake gani suka yi suna.

Wata 'yar'uwa daga Katsina:
Ɗan'uwa, kada ka bi wannan shawarar ta sama. Ina da tambaya: amarya ce kaɗai a cikin hoton? Ka ce gwaggon ango ce ta ɗaga mayafi, to ita wa ya tambaye ta? Waɗanda ke tsaye a baya fa? Kamu taron mata ne. Matar aure ta zo ta ajiye gyalenta a kan kujera, ta ɗaura goggoro ta saki jiki, don ta san 'yan gida ne sai mai hoto ɗaya da aka yarda da shi. Ba ta fito don mutanen Instagram ba. Ni an taɓa turo wa mijina hotona daga bikin ƙanwata, ina rawa a can ƙarshen hoton ban ma san an ɗauka ba. Sai da manya suka sa baki. Ita kuma amarya ɗoki ne ke ɗibarta yanzu. Ranar da shafukan gulma suka kwafe hoton suka fara yi mata sharhin hanci da haƙori, kai za ta fara kira.

Wani lauya:
Abokinka ya faɗi rabin magana ya bar rabi. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, asalin haƙƙin hoto yana hannun wanda ya ɗauka, wannan gaskiya ne. Amma dokar ta ce idan mutum ya sa aka ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa, yana da ikon hana a wallafa shi ko a nuna wa jama'a, sai dai idan akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Kai ka ce babu takarda, kuma ango ne ya ɗauke ka aiki. Ga kuma dokar kare bayanan sirri ta 2023. Shi ma ango ba shi da hurumin riƙe maka kuɗi bayan ka gama aiki. Ka tura masa saƙo a rubuce cewa ba za ka ɗora ba, ka nemi cikonka, ka adana saƙon.

Baba mai situdiyo, Zariya:
Yaro, mu da muka fara da filim, hoto 36 ne a nadi ɗaya, sai ka kai wanki kafin ka san abin da ka ɗauko. Tallarmu ita ce gilashin ƙofar shago, kuma ko nan ba ka liƙa hoton matar wani sai mijinta ya zo ya gani da idonsa. Na san wanda ya liƙa ba izini, har yau dangin nan ko fasfo ba sa yi a wurinsa. Gida ɗaya idan ya yarda da kai, za ka yi auren, ka yi sunan fari, ka yi saukar yaron, ka yi dawowar Hajiya daga Makka. Ka lissafa wannan ka gwada da hoto ɗaya. Wanke shi babba, ka sa a firem, ka kai wa ango da hannunka ranar da za ka karɓi cikon.

Matashin farko ya dawo:
Baba, zamaninku daban. Yanzu in ba a gan ka a waya ba, ba ka nan. Ya zai ci abinci?

Wata mai hoto daga Kaduna:
Zai ci. Ni rabin aikin da nake samu daga gidajen da ba sa son namiji ya shiga wajen mata ne, kuma ban taɓa ɗora fuskar amarya ba tare da sa hannu ba. Abin da ke shafina: hannu da lalle riƙe da kumbo, akwatunan lefe a jere, bayan amarya an sakar mata lafaya, kwanon alkaki da nakiya, kaskon turaren wuta hayaƙi na tashi. Mai ido zai gane ka iya haske daga nan. Ɗaurin aure kuwa a ƙofar masallaci ake yi, ango da abokansa sun sha babbar riga, yawancinsu roƙonka ma za su yi ka ɗora. Idan fuska kake so dole, ka haɗa kai da mai kwalliya da tela, ku samu wadda ta yarda ku biya ta, ku shirya ɗauka ta talla. Daga yau kuma ka buga 'yar takarda shafi ɗaya: kuɗin aiki, ranar ba da hotuna, sai layi ɗaya, a ɗora ko kada a ɗora, ango da amarya kowa ya sa hannu. Kar ka dogara da tambarin da kake sawa a jikin hoto, yanke shi ake yi.

Wani daga Maraɗi:
Har a hotunan tafiya ka riƙa tambaya. Mahayin da ya ci ado a hawa don a gan shi ya fito. Amma dattijuwa mai sayar da fura a kasuwa, ko almajiri da kwanonsa, ka yi sallama tukuna, ka nuna musu a kyamara bayan ka ɗauka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sake duba hoton a kwamfuta, mata huɗu ne a bayan amarya, biyu ba mayafi. Na tura wa ango saƙon da Barista ya ce, ya amsa da "sai ka zo". Hajiya ta Kaduna, don Allah ki taimaka mini da samfurin takardar nan taki, akwai wani bikin da za a kawo mini kafin alƙalami ranar Asabar.

Mai hoto daga Kaduna:
Na tura maka. Ka ƙara layin uwar amarya, wani lokaci ita ce mai biya.